Duniyar da Ta Ƙi Fita Ƙofa

Hedimasta ya shigo shagon surukina mai walda da takarda mai lamba ɗaya tak: saba'in. Yana son ƙwallon duniya na ƙarfe a tsakar makaranta kafin masu duba makarantu su zo ranar Alhamis. In aikin ya yi kyau, tagogin makarantar duka na surukina ne.

"Santimita saba'in, daga cibiya zuwa gefe," in ji Hedimasta. "Sauran ku lissafa."

Surukina ya dube ni. "Baba, ku ne kuka yi aji huɗu."

Tun ina yaro nake ƙaunar ashirin da biyu bisa bakwai, lambar da duk yadda ka raba ta ba ta ƙarewa. Na zauna a kan tsohuwar taya da alli. Kewayen cikin ƙwallon ya ba ni ɗari huɗu da arba'in cif. Fatarsa za ta ci falle uku na ƙarfe, da ɗan ragi. Har ruwan da zai ɗauka na fitar, lita dubu da ɗari huɗu da wani abu, ko da yake ba wanda ya ce za a zuba masa ruwa.

Kwana biyar ana walda. Ranar Laraba muka mirgino duniya, ta zo bakin ƙofa ta tsaya. Faɗin ƙofar casa'in ne.

"Baba, saba'in sau biyu nawa ne?" in ji surukina.

"Ɗari da arba'in."

"Shi ne ba ku faɗa ba?"

"Ai wannan ba lissafi ba ne, kowa ya sani."

Mai ginin da surukina yake haya ya ce duk wanda ya taɓa masa bango, su haɗu a kotu. Hedimasta ya leƙo, ya tafi.

Ranar Alhamis sai ga shi da masu dubawa cikin manyan riguna, har da almakashi da kirtani.

"Ranka ya daɗe, sabon tsari ne," ya ce wa babbansu. "Ɗalibi ne zai taka ya je ya sami duniya."

Babban ya jinjina kai, ya yanka kirtani, ya rubuta cewa sauran makarantu su yi koyi.

Surukina ya sami aikin tagogi. A waje yake yin su, cikin rana, don duniya ta cinye shagon. Ni kuwa ina samun ɗan lungu a bayanta, inda inuwar ta fi sanyi.