Ayabar Bayan Madafa

Tun ranar da Nelsy ta ɗaura igiya ta kewaye gonar tsallaken kogi, Casildo Ibargüen bai ƙara zama wuri ɗaya ya shanye gahawarsa ba. Zai kurɓa, ya ajiye kofin a kan matakala, ya sauka ya kwance kwalekwale. Sai ya kai tsakiyar ruwa zai tuna ba shi da aikin yi a can, tunda an hana shi taɓa komai. Haka zai ƙarasa ɗin, ya tsaya a bakin igiya hannuwa a baya, ya gama kallonsa ya dawo ya tarar ƙudaje sun riga shi gahawar.

Nelsy 'yarsa ce, ita kaɗai ta rage masa. Ta yi karatun noma a birni, ta samu aiki a tashar binciken amfanin gona, inda ake neman irin ayabar da za ta iya tsaya wa cutar moko. Moko kuwa ba sai an gaya wa kowa a bakin kogin nan ba. Ganyen tsakiya ya yi rawaya ya karye, ka sare nonon ayaba ka ɓare ka tarar ciki ya yi baƙi ya ruɓe. A wurin da ayaba ce ta safe, dafaffiya da rana, soyayya da yamma, wannan ba ƙaramar masifa ba ce.

Ta zo da sababbin iri cikin baƙaƙen ledoji, ta jera su layi-layi, kowanne da ɗan allonsa. A tsakiyarsu ta dasa layi guda na tsohon irin gidansu, wanda duk ƙauye ke kira ayabar Etelvina, domin marigayiya mahaifiyarta ce ta zo da shi daga garinsu lokacin aure. Casildo ya kwashe duk 'ya'yan ayabar da cuta ta bari a tsohuwar gonarsa ya ba ta, baki har kunne, a zatonsa manya za su zo daga birni su gani su yaba. Sai da suka kama ƙasa sannan ta yi masa bayani. Wai layin ma'auni ne. Idan cutar ta shigo, dole a ga wanda ta kashe kafin a yarda da wanda ta bari.

"Wato kin dasa uwarki don ta mutu," in ji shi.

"Ayaba na dasa, Baba."

Ta sa ya yi mata alkawari ba zai taɓa layin ba, ko da yana gani yana zubewa. Ta kuma ajiye bokitin ruwan magani a bakin igiya, ta ce cutar a bakin adda take yawo, daga wannan gindi zuwa wancan, saboda haka duk addar da za ta shiga sai an tsoma ta. Ya yi alkawarin yana kallon gefe.

Abin da ya hana shi zarewa gaba ɗaya shi ne gindin da ke bayan madafa. Ranar da aka haifi Nelsy, ungozoma ta naɗe cibiya da mabiyiya a tsumma, aka haƙa rami a nan aka binne, Etelvina ta sa aka dasa ɗan ayabarta a kai, kamar yadda ake yi wa kowane jariri a wajenmu. Uwar ayabar ta yi 'ya'ya aka sare, 'yarta ta tashi a gurbinta, haka har yau. Tsofaffi sun ce muddin shukar cibiyar mutum na tsaye a gida, duk inda ya je sai ya dawo. Casildo bai taɓa cewa ya yarda da wannan ba, shi da yake ganin kansa wayayye saboda yana da rediyo. Amma 'ya'yan maƙwabta nawa suka tafi birni ba su ko waiwayo ba, tasa kuwa duk ƙarshen wata sai ta sauko daga jirgin kasuwa da jakarta.

Ta sha roƙonsa ya ba ta ɗa guda daga wannan gindin ta kai tasha. Ta ce a can suna fere shi har su kai ga zuciyarsa, ɗan abu bai kai ƙwayar shinkafa ba, su raine shi a cikin kwalba inda cuta ba ta isa. Ya ce ba a raba ɗa da gindin cibiya a kai shi wata ƙasa, balle a fere shi kamar doya. Ta yi magiya, ta yi fushi, ta haƙura.

Da ruwan sama ya yi yawa, moko ta shigo gonar gwaji, kuma ba ta yi kuskuren ƙofa ba, layin Etelvina ta nufa. Nelsy ta zo ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukar hoto da waya, fuskarta har da ɗan haske, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ta koma birni ta bar shi da su. Daga nan zirga-zirgar ta ninka. Ya tsallaka da safe, ya tsallaka da hantsi, ya dawo ya ɗauki komar kamun kifi zai ɗinke, ya jefar, ya sake tsallakawa. Hannunsa na kaiwa ga ƙotar adda da kansa, sai ya janye ya cusa a aljihu.

A haka Aristarco Copete ya same shi wata rana. Shi ne ya riƙe Nelsy a coci ranar baftisma, don haka compadre suke kiran juna, wato ɗan'uwa ta hanyar baftisma, kuma babu abin da ɗaya zai gaya wa ɗaya ya zama laifi.

"Compadre, an ce yanzu aikinka gadi. Sun ba ka hula da usur, ko sai wata ya ƙare?"

"Kai dai je ka ji da taka gonar. Na ji ta zama maƙabarta."

"Tawa ina sare matattu ina zubarwa, kamar namiji. Kai kuwa ka tsaya kana musu addu'a."

Ya tafi yana dariya, amma bai bar maganar nan ba. Casildo mutum ne da bai taɓa rasa gayyar kowa ba. Ya yi rufin gidan wannan, ya ja kwalekwalen wancan daga daji, ya share gonar gwauruwa. Aristarco ya bi gida-gida yana cewa tsufa ya kama compadre, gonarsa na mutuwa kunya ta hana shi magana. Ranar Asabar da safe, Casildo yana tsaye a bakin igiyarsa ya ji waƙa daga kogi. Kwalekwale ne suka jero, maza da adduna a kafaɗa, mata da tukwane da busasshen kifi da kwakwa.

Nan fa ya yi abin da shi kansa bai san zai iya ba. Ya ware hannuwa a gaban igiya ya ce babu mai shiga. Aka ɗauka wasa ne. Ya maimaita, ya ce ya yi wa 'yarsa alkawari, matattun nan su ne aikin, wanda ya sare ɗaya ya ɓata wahalar shekara. Waƙa ta mutu. Wani ya ce bai taɓa jin an yi noman gawa ba. Aristarco bai yi dariya ba, ya dai tambaye shi a hankali ko korar su yake yi.

Korar gayya kuwa ba a yin ta. Mutane su bar aikinsu, su wasa addunansu, su zo ƙofarka, ka maida su gida riga a bushe, to ka shirya ɗaukar gawarka da kanka. Casildo ya waiga ya hango gidansa a tsallaken kogi. Sai dabara ta faɗo masa, ya ce ai ga gida can ciyawa ta cinye, tun rasuwar Etelvina ba a yi masa gyaran kirki ba. Fuskoki suka saki, aka koma cikin kwalekwale, wani ya tada waƙar daga inda ta tsaya.

Suna tsakiyar kogi ya tuna da bokiti. Ya waiwaya, ga shi can shuɗi a gindin igiya. Ya ce a ransa ai dokar ta gonar gwaji ce, gida gida ne. Da suka sauka ya ga Aristarco na goga addarsa a dutse, addar da ya ce da bakinsa da ita yake sare matattun gonarsa. Casildo ya buɗe baki. To amma me zai ce? Yanzun nan ya tsinka mutumin a gaban jama'a, sannan ya ƙara da cewa wanke ƙarfenka kafin ka shiga gidana, kamar mai ɗauke da ƙazanta? Ya rufe bakin, ya tafi nemo wa mata itacen girki.

Kafin ya dawo Aristarco ya zagaya bayan madafa. Ya kori samari daga wurin, ya ce wannan ayabar ta 'yarsa ta baftisma ce, babu hannun da zai taɓa ta sai nasa. Kuma tsakani da Allah ya yi aikin da ƙauna. Ya cire busassun ganye, ya datse furen da ke reto, ya rage 'ya'yan da suka yi cunkoso, ya tara toka a gindi. Ya kira Casildo ya zo ya gani, yana haki yana murmushi. Casildo ya ce ya yi kyau. Da aka zuba shinkafa da kifi, ana zagayawa da kwalbar giyar rake, kowa ya ci ya sha ban da mai gida.

Daga ranar kwalekwalensa ya huta, ƙafarsa ta karɓi aikin. Ya fita ta ƙofar gaba, ya zagaya bayan madafa, ya ɗaga kai ya dubi ganyen tsakiya, ya dawo ya zauna, ya sake tashi. Wani lokaci ya ga kamar ya canja, sai ya ce hasken rana ne. Ya tura aka kunna kyandir a coci. Ya daina kunna rediyo. Tsoro yake ji, irin wanda bai ji ba tun kwanakin jinyar Etelvina. Wata safiya dai ya zagaya ya tarar ba sauran zancen hasken rana, ganyen ya yi rawaya ya karye daga wuya.

Nelsy ta sauko daga jirgin kasuwa tana magana tun kafin ta tako ƙasa. Ta biya ta gonar gwaji, layin ma'auni ya mutu kakaf, biyu daga cikin sababbin iri kuwa ko gezau. Idan suka sake tsayawa a zagaye na gaba, za a fara raba wa mutanen kogi. Ta rungume shi, ta ce ta ji labarin yadda ya tare gayya, da ba don shi ba da komai ya lalace. Ya kama hannunta ya ja ta bayan madafa.

Ta daɗe tana kallo. Ta ciro wuƙa daga jaka ta yanki jikin uwar, ga ɗigo-ɗigo masu launin ruwan ƙasa a ciki, wani abu mai yauƙi na tsattsafowa. Ta bi sawun saran da aka yi da yatsa.

"Addar wa ce, Baba?"

"Ta ubangidanki na baftisma."

"An tsoma ta?"

"Na ji nauyin faɗa masa."

Ya so ta yi masa faɗa, da ya fi sauƙi. Sai ta zauna a kan turmi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ita da ta ce ayaba kawai ta dasa. Can ta share ido ta tashi ta shiga zagaya gindin a durƙushe. A can gefe, kusan ƙarƙashin katakon madafa, akwai wani ɗan tsiro da bai kai gwiwa ba, wanda addar ba ta gani ba. Ta ce ba ta yi masa alkawari ba, mai yiwuwa cutar ta riga ta bi ta ƙasa ta same shi, amma idan zuciyar tsiron na da tsabta za a iya ceto ta a kwalba. Sai dai yau za a cire shi, sauran kuma a kashe su a inda suke.

Ba ta roƙe shi ba wannan karon. Shi ne ya sauka kogi ya tsallaka, ya ɗauko shuɗin bokitin ya dawo da shi a tsakanin ƙafafunsa. Ya tsoma addarsa har ƙota, ya durƙusa ya haƙa. Ya yi nesa da tsiron sosai, ya ciro shi da ƙaton curin ƙasa, baƙa mai danshi, ya tallabo da hannu biyu. Ya ce ta nemo buhu a naɗe da ƙasar duka, ai a nan aka binne cibiyarta.

"Ƙasar ba za ta tafi ba, Baba. Cutar na cikinta."

"Ko tafin hannu ɗaya?"

"Ko ƙwaya."

Ta karɓa daga hannunsa ta sa a cikin bokitin. Yana tsaye yana kallo ta murje curin da yatsu har ya narke, ta datse saiwoyin, ta fere bayan, sai da ya koma fari fat bai fi dunƙulen hannu ba. Ta naɗe shi a leda ta sa a jaka. Ta ce ba za ta kwana ba, dole ta bi jirgin da zai koma yanzu, kuma ba ta san ko za ta samu zuwa ƙarshen wata ba, tunda aikin gaba a wani kogin za a yi shi. Ruwan bokitin kuma kada ya zuba a kogi, kada ya zuba kusa da wata shuka.

Ya raka ta bakin ruwa, bai lura ya taho da bokitin ba. Injin ya tashi, ta ɗaga masa hannu ɗaya, ɗayan na dafe da jakar a ƙirjinta. Bai iya ɗaga nasa ba. Jirgin ya sha kwana ya ɓace, ƙararsa ta bi bayansa. Casildo ya juya ya hau zuwa gida, ya zagaya bayan madafa, ya dawo ƙofar gaba, ya sake sauka bakin ruwa, riƙe da baƙin ruwan nan a hankali don kada ya fantsama, yana neman inda zai zubar da shi.