Taya Mai Zaɓen Rana

Tayar baya ta pasolar Yudelka, wato ɗan baburinta, tana da wani hali mai ban haushi. Sai ta yi kwana da kwanaki ƙam kamar dutse, sannan wata safiya a tashi a tarar ta sace, ta baje a ƙasa, ba ƙusa ba kwalba. A ba ta iska, ta sake yin lafiya lau kamar ba ita ba.

Ga wata mace, wannan abin tsaki ne kawai. Ga Yudelka kuwa, ɗan jan baburin nan shi ne ƙafarta, shi ne kuma katangarta. Daga kudu ta gudo zuwa Tamboril da 'yarta Mirelis, ta baro wani miji mai suna Radames, wanda ya karya mata yatsu biyu, ya kuma rantse a gaban uwarsa cewa in ba tasa ba ce, to ba ta kowa ba ce. Ta samu aikin naɗa sigari a wata masana'anta a bayan gari. Tsakanin makarantar Mirelis da masana'antar akwai wata doguwar hanya da ta ratsa gonakin taba, ba gida ba shago, sai rumfunan shanya ganye. A kan pasola takan wuce ta kamar iska. A ƙafa kuwa ko a mafarki ba ta son bin ta, kuma duk ranar da tayar ta kwanta sai ta roƙi wani ya rage mata hanya, ko ta jira motar ma'aikata ta makara.

Wani mai faci da ake kira Don Plinio ne ya fara shan wahalar tayar. Tsoho ne mai ƙaton ciki da surutun tsiya, rumfarsa na jikin wani shago da ba a kashe kiɗan bacata a cikinsa. Ya cire tayar, ya cika ta da iska, ya tsoma ta a rabin duro na baƙin ruwa yana juyawa a hankali. Ko kumfa ɗaya bai taso ba.

"'Yar nan, tayarki ta fi ni lafiya," in ji shi. "Ni ma da za a tsoma ni a ruwan nan, ta ko'ina zan yi kumfa."

"To me ya sa take sacewa, Don Plinio?"

"Wataƙila kewar wani take yi. Ku mata da kayanku duk halinku ɗaya."

Ba ta yi dariya ba. Ya dube ta ya ga ba fuskar wasa, sai ya mayar da tayar ya sallame ta.

Da ta dawo karo na gaba ya zage sosai. Ya ɓalle tayar daga rim, ya kankare tsatsar gefe, ya shafa yatsa a cikin robar lungu-lungu ko akwai ɗan tsinken waya da ke buɗe baki sai in an hau. Ya yi wa rim ɗin wanka da ruwan sabulu ko ya tsage. Ƙarshe ya sa sabon bawul, wato bakin da ake ba taya iska, ya tofa masa miyau kamar yadda masu faci ke yi, ya tsura ido. Miyau ya zauna shiru. Bayan 'yan kwanaki tayar ta sake kwanciya.

Abin ya fara taɓa masa suna. "Bar min ita nan," ya ce. "Ranar hutu ba aiki za ki ba. In aljani ne ma, ni da shi."

Pasola ta yi hutun ƙarshen mako a rumfarsa, ya ɗora mata buhun siminti don ta ji nauyi. Ranar Litinin ya sa ma'auni, iska na nan yadda ya bar ta. Nan ne Yudelka ta fara tsarguwa, don wanda maciji ya taɓa sara ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Ta yi ta dube-dube a hanya har gida, ba ta ga kowa ba sai masu acaɓa da ke gyangyaɗi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

Ranar Alhamis da safe tayar ta sace. Ta raka Mirelis makaranta a ƙafa, ta koma ta turo pasolar har rumfar Don Plinio, gumi na zuba. Wannan karon bai yi wata zolaya ba. Ya ba ta iska, ya tofa wa bawul miyau, sai ga ɗan kumfa ya kumburo a hankali ya fashe.

"Yauwa! Yau dai ka nuna kanka, ɗan banza."

Ya kwance cikin bawul ɗin, ya karkata shi ya bubbuga a tafin hannunsa. Wani ɗan baƙin abu ya faɗo, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya kai shi kusa da ido, sannan ya goga shi a bangon rumfar. Ya bar layi baƙi siriri.

"Bakin fensir ne," ya ce. "Tayarki ba ta da laifi, 'yar nan. Hannu ne. Wani ke danna tsinken bawul da fensir yana sace iskar, yau ne dai bakin ya karye a ciki." Ya yi tsaki, ya mayar da cikin bawul ɗin ya sake ba tayar iska. "Yaran unguwa ne, marasa tarbiyya. Ki daina barin ta a waje. Ki riƙa shigar da ita falo kamar kowa."

"A falo take kwana."

"To ƙofar fa?"

"Sakata biyu da kwaɗo."

Don Plinio ya goge hannunsa a tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Ku nawa ne a gidan?"

Ta hau pasolar ta tayar, tsohon na kiranta cewa bai mayar da marfin bawul ba.

Ta isa makaranta ana hutun tara. Yara sun cika fili suna ihu, mai sayar da ƙanƙarar zaƙi na miƙa musu ta ramukan shingen waya. Ta hango Mirelis da kitsonta mai jajayen duwatsu, ta yafito ta. Yarinyar ta sheƙo da murna, 'yar shekara takwas da ba ta san komai ba sai son kowa. Yudelka ta tsuguna, ta riƙe mata hannuwa, ta tattaro duk sanyin muryar da ya rage mata.

"Mirelis, ba zan doke ki ba. Ke ce ke sace iskar taya?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Sirri ne, Mami."

"Sirrin ke da wa?"

"Ni da Papi."

Papi, haka yarinyar ke kiran ubanta Radames. Tsoro tsagwaronsa ya kama Yudelka, irin wanda ta ɗauka ta baro shi a kudu.

"Ina kika ga Papi?"

"Nan yake zuwa, wajen shingen waya. Yana saya min ƙanƙara. Mami, ya canza fa, wallahi. Har kuka ya yi." Ta ɗago ido cike da roƙo. "Ban gaya masa gidanmu ba, na rantse. Shi ma ya ce ya sani. Ya ce so yake ya ba ki haƙuri ke kaɗai a hanyar gonar taba, ya yi miki tsaraba, amma kullum kina wucewa da gudu ba kya tsayawa. Shi ne ya koya min yadda ake yi da fensir, don ki bi a ƙafa. Amma ke sai ki yi ta hawa motar mutane."

Yudelka ta juya ta dubi shingen. Mai ƙanƙara na nan, da wasu mata biyu, da kare. Ta dubi tsallaken titi, ta dubi bayan motar da aka ajiye a kwana.

"Yau ya zo?"

"Ya zo ɗazu. Na gaya masa fensirina ya karye, na yi ta kuka. Ya ce in share hawayena, ba sai na ƙara taɓa taya ba." Mirelis ta yi murmushi, ta jawo zaren da ke rataye a wuyanta ta nuna wa uwarta, ba komai a jikinsa. "Na ba shi aron makullina. Ya ce a gida zai jira ki."