Tambayar Jemimah a Gadar Kwangila

Malam Nelson ya yi shekara ashirin da biyu yana koyar da damben boksin a wani tsohon sito da ke Unguwar Gabas, a Sabon Gari. Da ƙuruciya shi ma ya sa safar hannu, karkataccen hancinsa ne shaida. Cikin duk waɗanda ya horar, babu wadda yake taƙama da ita kamar 'yarsa Jemimah, 'yar aji uku a jami'a a Samaru. Da safe tana aji, da yamma tana jibgar buhun yashi har sai ya ce ya isa.

Wata Asabar da la'asar aka haɗa ta da wata 'yar wasa daga Jos mai suna Scholastica. A turmi na biyu naushi ya sami Jemimah a saman kunne, gwiwoyinta suka lanƙwashe, ta dafe igiya. Alƙalin wasa ya ƙirga har takwas. Nelson ya kai hannu kan tawul ɗin da ke kafaɗarsa, wanda in ya jefa shi an tsayar da wasa ke nan. Sai ta gyaɗa masa kai, ya sauke hannun. Ta gama turmi na uku da zafinta, aka ɗaga hannunta, wurin ya kaure da ihu.

Suka tari keke mai ƙafa uku zuwa gida Palladan, yana ta ba direba labarin wasan. A cunkoson gadar Kwangila ta juyo ta dube shi.

"Baba, ƙarfe nawa za a fara wasan?"

Ya yi dariya. "Wane wasa kuma? Ga lambar nasararki a wuyanki."

Ta ɗago lambar tana jujjuyawa. "Wa ya ba ni wannan?"

Ya daina dariya. Ya yi mata bayani a hankali, ta ce to. Ko minti biyu ba a yi ba ta sake juyowa, da murya iri ɗaya.

"Baba, ƙarfe nawa za a fara wasan?"

Kafin ya buɗe baki amai ya kece mata. Ya tallafo fuskarta, nan ya ga baƙin idonta na dama ya buɗe ya ninka na hagu.

"Malam, kada ka tsaya Palladan! Wuce Shika, asibiti!"

Suna wuce Samaru kanta ya faɗo kafaɗarsa, ta fara wani irin minshari. Ya yi ta kiran sunanta, shiru.

Bayan an ɗauki hoton kanta, wata likita, Dakta Zubaidatu, ta nuna masa a kwamfuta. "Baba, wannan farin da kuke gani jini ne, yana danne ƙwaƙwalwa. Yanzu za a shiga da ita tiyata. Ta taɓa buguwa a ka kwanan nan, kafin yau?"

Zai ce a'a, sai ya tuna. Kwana goma da suka wuce, wajen atisaye, an naushe ta har ta zauna daɓas. Kwana uku tana kukan ciwon kai, tana cewa hasken waya na sukar idonta. Shi da hannunsa ya ɓallo mata fanadol biyu, ya ce su a zamaninsu ruwa ake watsa wa mutum ya koma fili.

Ya gaya wa likitar. Ba ta yi masa faɗa ba. "Ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba, naushi ɗaya ya ishe ta," ta ce, ta miƙa masa takarda ya sa hannu.

Matarsa Sarah ta iso da zanen zumuntar mata a jikinta, daga coci aka kirawo ta. Ta saurare shi har ya gama.

"Kana wurin, Baban Jemimah?"

"Ina wurin."

Ta zauna a can ƙarshen bencin, nesa da shi.

Sai a kwana na huɗu Jemimah ta buɗe ido. An aske rabin kanta, hannun hagu ba ya iya riƙe cokali. Ta gane iyayenta, ta nemi ruwa, amma Asabar ɗin nan ta goge ƙaf. Likita ta ce karatu sai baɗi, dambe kuwa har abada.

A mako na biyu Albert, kocin Scholastica, ya kira daga Jos don yin jaje. Cikin magana ya ce Scholastica za ta buga wani wasan Asabar mai zuwa.

Nelson ya miƙe tsaye a barandar asibitin. "Ta yi maka kukan ciwon kai tun da kuka koma?"



"Yaya aka yi ka sani?" in ji Albert.

"Kada ka bari ta sa safa. Ka kai ta asibiti yau ɗin nan, Albert, ina roƙonka da Allah."

Bai kashe wayar ba sai da ya ji Albert yana ƙwala mata kira.