Jinin Dallatu Leda Biyu

Dallatu ya ce leda biyu ta jini aka ɗiba a jikinsa ranar da injin casa ya kama hannun ƙaninsa Nababa, kuma da ya sauko daga gadon ko jiri bai ji ba, har likita ya tambaye shi me yake ci. Ya faɗa a majalisa, ya faɗa a ƙofar masallaci, ya faɗa wa Maijidda matar Nababa sau uku, yana naɗe hannun riga.

Maijidda ta yarda. Dokar asibitin ke nan, wani asibitin kuɗi a hanyar Gezawa: in an ƙara wa naka jini, dangi su mayar, in ba su mayar ba a biya. To da aka miƙo takardar sallama sai ta sa aka karanta mata layi-layi. Ɗinki, gado kwana shida, allurai. Jini leda biyu, dubu sittin. Ƙarin ruwa leda biyar, alhali huɗu ta ƙirga, ita ta yi jinyar.

Ta sayar da awaki biyu da gyaɗarta. In aka cire kuɗin jinin, abin hannunta zai isa. In ba a cire ba, sai jinginar da gonar bayan gida, kuma ita kaɗai gare su.

Ta kira wanta Mati, mai buga bulo, mutumin da bai iya doguwar magana ba. Suka je ɗaukar Dallatu ya ba da shaida a asibitin, ya ce yau yana da uzuri. Mati ya ce uzurin ya hau babur. Ya hau, da tabarau da biro a aljihun gaba.

Mai karɓar kuɗi yana bayan taga mai sandunan ƙarfe, yana cin gyaɗa.

"Malam, an mayar muku da jininku," in ji Maijidda. "A cire."

"Hajiya, abin da aka rubuto shi nake karɓa."

"Ban je Makka ba, kun cinye kuɗin jirgin. Ga mai jinin nan a tsaye. Yaya Dallatu, yi magana mana."

Dallatu ya gyara tabarau. "Ai ni a ganina a bi abin a hankali..."

"Ku matsa, akwai mutane a bayanku," in ji mai kuɗin.

Mati ya zura hannu ta taga ya cafko kwalarsa ya fizgo. Fuskar ta haɗu da ƙarfe, ƙum. Ya sake fizgowa. Hanci ya fashe, jini ya zuba kan rasit da gyaɗa. Mai gadi ya rugo da gora ya sauke wa Mati a ƙeya, fatar kai ta tsage. Mati ya juyo ya ɗauke shi ya maka a kan benci, bencin ya rabe biyu. Mata suka kwashi 'ya'yansu. Maijidda ta shiga rabiya, gwiwar hannun wani ta fasa mata leɓe, ba ta ma san ta wa ba ce. Dallatu na can bayan ginshiƙi yana ihu, "Ku sake ni! Ku bar ni da shi!" Ba wanda ya riƙe shi.

Sai ga Sista Khairiyya, babbar ma'aikaciyar jinya, da ƙaton littafi a hammata. Ta dubi bencin, ta dubi hancin, ta dubi kan Mati, wanda shi ma sai an ɗinke, kuma ba kyauta ba.

"Wa ya ba da jini?"

Maijidda ta tofar da jan yawu, ta nuna ginshiƙi.

Sista ta leƙa. "Au, Baba ne? Sannu da jiki." Ta buɗe littafin ta juya shi wajen Maijidda. "Ko ɗigo ba mu samu ba. Allurar kawai ya gani ya sume. Ledar ruwa ta biyar ɗin nan shi muka ɗaura wa."