Bokitai Biyu na Baba Mai Agogo

"Tauna, ki gaya mini gaskiya," in ji Baba Mai Agogo, yana miƙo mini ganye ta saman katanga.

Na ajiye ɗinkina na tauna. Wallahi kamar na lashi sukari!

Sitibiya ke nan, ganyen zaƙi. Tun da ciwon suga ya raba maƙwabcin nawa da sukari, ya shuka shi a bokitai biyu, ja da shuɗi, a ƙofar ɗakinsa. Ɗaya yana ba shi takin yuriya, ɗaya kashin kaji, ya rufe saman kowanne da dusar katako. Wai so yake ya san takin da ya fi ƙara wa ganyen zaƙi. Magunguna sun kashe masa ɗanɗano, shi ya sa yake aron harshena.

"To Baba, wanne ne na kajin?"

"Ke dai da son jin ƙwaƙwaf! In kin sani, harshenki zai yi son kai. Bari su kusa fure, lokacin zaƙi ke taruwa. Ki yanke hukunci, sannan in faɗa."

"Ko Inna ba ta sani ba?" Ina nufin matarsa.

"Innarku? Ai da unguwa ta ji!"

Abin ya tsaya mini a rai. Har leƙe na yi ta yi, amma tsohon nan ya fi ni wayo.

Ranar da ƙafarsa ta kumbura, ana saka shi a mota yana cewa, "Ruwa kawai za ku ba su, kada wanda ya tona." Bai dawo ba. Na yi kuka ba kaɗan ba.

Bayan 'yan gaisuwa sun watse, Inna ta kira ni. "'Yar nan, sun kusa fure. Zo ki cika masa."

Na tsinko ganyen kowanne na tauna. Na jan ya fi yabanya, amma da ɗaci-ɗaci a ƙarshe. Na shuɗin ƙananan ganye ne, zaƙinsa kuwa har maƙogwaro.

"Shuɗin ne, Baba," na ce, na juya wajen kujerarsa.

Inna ta ɗauko tsinke ta tsuguna, za ta tona mu gani. Ta daɗe tana kallon dusar da ya daddaɓe da tafin hannunsa. Sai ta ajiye tsinken, ta jawo buta, ta ba su ruwa duka biyun.