Ranar da Napari Bai Rama Ba

Ranar Talata Sanatu ta zo daga Kumasi ta ɗauki ɗanta. Ba ta aiko ba, ba ta buga waya ba. Mba Ziblim yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana jan igiyar kalangu da haƙori, sai inuwa ta rufe masa hannu. Ya ɗaga kai, ga 'yarsa a durƙushe, jaka a kafaɗa, da takalmi mai tsini wanda jar ƙasar Tamale ta riga ta fara ci.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau. Wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu, Baba."

"To, me ya fito da ke? Ke ai sai gawa ke kawo ki gida."

Rabonta da gidan tun rasuwar uwarta, Memunatu. Ta haɗiye maganar, ta sha ruwan da ta ɗebo wa kanta a randa, ta tambayi gwiwarsa, ta tambayi damina, ta tambayi maƙwabtan da ba ta damu da su ba. Ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya yana jiran ta gama kewaye.

"Napari na zo ɗauka," ta ce.

Duk 'yar makaɗi da ta yi aure, ɗaya cikin 'ya'yanta maza na gidan ubanta ne, a rataya masa kalangu. Wadda ta hana, an ce ganga kan bi ta har kan gadonta, ko ita ta zautu ko yaron ya lalace. Sanatu ba ta hana ba. Napari bai gama iya ɗaure wando ba ta kawo shi da kayansa cikin leda, lokacin mijinta ya tafi kudu haƙar zinariya bai waiwayo ba, ita kuma za ta bi motar Kumasi ta yi dakon kaya a ka. Al'ada ta zo mata daidai, kamar yadda takan zo wa mutane daidai in ba su da abin ciyarwa. Memunatu ce ta goya yaron, ta yi jinyar ƙyandarsa, ta tauna masa nama. Da ta mutu, masu gaisuwa suka cinye shinkafa suka watse, aka bar tsoho da yaro da tukunya ɗaya wadda babu wanda ya iya ta a cikinsu.

"Ɗauka zuwa ina?"

"Wurina. Ina da rumfa yanzu. Maigidana yana gyaran firji, ya ce a kawo shi, da safe makaranta, da yamma shago."

"Maigidanki. Na nawa ke nan?"

"Baba."

"Tambaya na yi. Kin san abin da ke bin wanda ya ajiye ganga?"

"Na sani. Na kuma san abin da ke bin wanda ya riƙe ta. Dubi rufin ɗakin nan."

Bai duba ba, ya san shi.

A nan yaron ya shigo da koko a leda da ƙosai a takarda, dogo, siriri, wuyansa ya fi rigarsa tsawo. Tun daga zaure yake magana.

"Tsoho, ga kokonka. Ka sha a hankali, kada ragowar haƙorin nan ya bi shi ciki."

"Ɓarawo, ƙosai nawa ka ci a hanya?"

"Na ɗanɗana maka ne, kada a sa maka guba. Ko da yake wa zai ɓata gubarsa a kan..."

Sai ya ga matar. Ya tsaya, ya ajiye ledar a hankali, ya durƙusa can nesa kamar mai gaida baƙuwa. Ta kira shi, ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta ce ya rame. Ta buɗe jaka ta fito da takalmi fari, sabo, ta ajiye a gabansa. Ya dubi takalmin, bai taɓa ba.

Haka suke magana, kaka da jika, tun yaron yana koyon baki. Ko'ina haka ake, jika abokin wasan kakansa ne, ya zage shi a gaban jama'a a yi dariya. Amma a wasu gidajen, bayan wasan akwai wata maganar. A gidan Mba Ziblim babu. Da can Memunatu ce tafinta. In ya ce wa yaron, "Hannunka kamar taɓarya," takan leƙo daga madafa ta ce, "Kakanka cewa yake ka kyauta." Da ta tafi, ta tafi da fassarar.

"Ba zan ja da kai ba, Baba," Sanatu ta ce. "Ga shi nan, ya yi hankali. A tambaye shi."

"A tambayi yaro?"

"Napari, za ka bi ni Kumasi ko za ka zauna?"

Yaron bai dubi uwarsa ba. Kakansa ya duba, ya ci gaba da dubansa. Tsohon ya ji idon a kansa, ya ji na 'yarsa, har da na matar maƙwabci da ta fito shanya ta ƙi komawa. Ya buɗe baki, abin da ya saba fitowa ya fito.

"Ki tafi da shi mana, in huta. Ya cinye mini gida. Tun yana cikin tsumma nake koya masa, har yau in ya buga kalangu sai akuyoyin unguwa su taru, su zaci 'yar'uwarsu ce ke naƙuda."

Matar maƙwabci ta yi dariya. Shi ma ya yi, yana jira. Ya san amsar da za ta zo: tsoho, ai kai ne ka kurumce, tsoho, akuyoyin nan kai suke zuwa gaisarwa. Da ta zo, da an yi dariya, da magana ta wuce, da ya ce wa 'yarsa, kin gani, wa zai raba ni da wannan annobar?

Napari bai rama ba. Ya sunkuyar da kai, ya ɗauki takalmin, ya shiga ɗaki.

"To, alhamdu lillahi," Sanatu ta ce. "Motar la'asar za mu bi."

Mba Ziblim ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Ya ji motsin leda a ɗaki, ana haɗa kaya. Ya sha kokon ya ji shi kamar ruwan wanki. Ya zagaya bayan gida ba da wata bukata ba, ya dawo, ya saɓi kalangunsa ya fita.

Kasuwar Aboabo tana ci. Ya ratsa layin masu doya, ya ratsa na masu man kaɗanya. Wata mai daddawa da ya san kakanninta kaf ta gyara zama tana murmushi, tana jiran ya kira mata su ta liƙa masa sidi biyu a goshi. Ya wuce ta kamar bai gan ta ba. Ya kai ƙarshen kasuwa, ya juyo, ya sake ratsawa. Gwiwarsa tana ciwo, bai tsaya ba.

Ƙarƙashin bishiyar da makaɗa ke zama ya tarar da Dokurugu, shugabansu, wanda suka sha duka tare a hannun malami ɗaya suna yara. Yana cin gyaɗa.

"Ina wutsiyarka?" Dokurugu ya ce. "Yau kai kaɗai kamar maye?"

Ya faɗa masa, a tsaye, a gajarce. Dokurugu ya saurara har ƙarshe, ya hure ɓawon gyaɗa daga tafinsa.

"Akuya mai naƙuda ka ce?"

"Wasa ne. Kullum haka muke."

"Kullum uwarsa tana tsaye da takalmi?"

"Kai ne babba. Ka aika a gaya mata ba a yin haka. Yaron na ganga ne."

"Na ganga ne, babu musu. In ka je ka ce masa sauko, ko motar ta kai Yapei sai ta tsaya. Ni da kaina zan tare hanya. Amma ba ni na ce a tafi da shi ba, ba ni zan ce ya dawo ba. Bakin da ya kore shi, shi zai kira shi."

"In je in roƙi jikana a tasha, a gaban 'yan kamasho?"

"Ka roƙi mai daddawa saboda sidi biyu tun kafin a haifi uwarsa." Ya miƙo masa gyaɗa. "Ziblim, kai fa ka san sunan kakan kakan kowa a garin nan. Mutum ya wuce a kan babur, ka gaya masa abin da zai sa ya yi kuka ya juyo. Yaro ɗaya a gidanka ya gagare ka?"

"Ci gyaɗarka."

"Ina ci. Wata ƙungiya ta tara mu bara, ka tuna, mu tsofaffi masu riƙon jikoki, aka ba mu lemo aka ce mu riƙa hira da yara. Kai ne ka ce me za a ce wa yaro in ba tashi ka ɗebo ruwa ba."

Bai karɓi gyaɗar ba. Ya koma gida, ya tarar da ƙofa a janye, tabarmar yaron a naɗe, ƙaramin kalangunsa a rataye a ƙusa. Matar maƙwabci ta ce sun tafi tun bayan azahar, don su sami kujera mai kyau. Ta ce yaron ya tsaya a zaure ya daɗe, har uwar ta yi faɗa.

Ya fito titi ya tare yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ya ce a kai shi tasha. Direban yaro ne mai kiɗa a kunne, ya tsaya ɗaukar wata mata da buhun gawayi, ya tsaya sauke ta, ya tsaya gaida abokinsa. Mba Ziblim yana ta bugun ƙarfen kujera da sandar kiɗa.

"Baba, in sauri kake ka sayi jirgi."

"Tuƙa, ɗan marasa kirari."

A hanya ya shirya maganar. Ya shirya ta kamar yadda yake shirya taken sarki, farko da tsakiya da ƙarshe. Ya maimaita ta a ransa har ta zauna.

Motar Kumasi tana nan ba ta tashi ba, ana loda buhunan doya a cikinta. Ya zagaya ta yana leƙen tagogi. Can baya ya gan shi, kansa jingine da gilashi, kujerar gefensa babu kowa. Ya ƙwanƙwasa da sanda. Yaron ya firgita, ya ja gilashin.

"Kaka."

Bai ce tsoho ba. Mba Ziblim ya ji kalmar kamar an miƙa masa kuɗinsa an ce ya tafi.

"Ina uwarka?"

"Ta je sayen burodi."

Ga fili, babu kowa sai mai sayar da ruwa. Ya ɗaga kai sosai, don tagar ta fi shi tsawo. Daga nan ƙasa yana iya hango hannun yaron riƙe da wayar uwarsa, an buɗe hoton wani shago, firji a jere, wani mutum mai tumbi yana dariya. Yaron ya kife wayar da sauri a cinyarsa, kamar an kama shi da sata. Amma tsohon ya riga ya ga yadda yake kallonta kafin ya ƙwanƙwasa.

Kalma ɗaya ce, sauko. Zai sauko kuwa, ko yana so ko ba ya so, don haka aka tarbiyyantar da shi. Zai koma ƙarƙashin rufin nan, ya bi tsoho kasuwa, ya binne shi, ya gaji ƙusa da tabarma. Mba Ziblim ya juya kalmar a bakinsa, ya haɗiye ta. Saura ɗayar maganar, wadda ya shirya a hanya. Ita ba ta tsayar da mota, ba ta hana kowa tafiya.

"Napari."

"Na'am."

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Mutanen kudu barkono suke ci kamar hauka. Ka yi hankali."

"To." Sannan yaron ya ce, "Man gwiwarka yana bayan randa. Kada ka shafa na fitila kamar rannan."

Tsohon ya jira ƙarshen maganar, inda cizon yake zuwa. Babu. Ya gyara murya, ya kama bakin tagar da hannu ɗaya.

"Ka ji, akwai abin da..."

"Baba! Har nan ka biyo mu?" Sanatu ce, da burodi biyu a hammata. Ta durƙusa a gurguje, ta cusa masa takardar kuɗi a aljihun riga, ta ce za su zo da Sallah, ta ce ya gyara rufin nan. Yaron mota yana dukan jikin motar yana ihu, "Kumasi a shiga! Baba makaɗi, matsa, ba biki ake ba!" Injin ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe. Wani daga ciki ya ce a rufe taga ƙura na shigowa, aka rufe.

Motar ta ja a hankali ta fita ƙofar tasha, ta bi titin kudu. Ya tsaya da kalangu a hammata har mai ruwa ta tambaye shi ko wata motar yake jira.

Abin da ya zo faɗa ba mai tsawo ba ne. Tun bara, duk inda suka fita kiɗa, biki ko makoki, jama'a na ganin tsoho a gaba da yaro a baya, suna cewa Ziblim bai tsufa ba. Kunnensa yana baya. Yaron ne ke jan kiɗan, tsohon ke bi.