Jiniyar Talatar Farko

Delbert Hruska bai taɓa son garin jami'ar nan ba, tun ranar da ya haɗiye masa 'yarsa Marnie. Gari ne da ba ka samun wurin ajiye mota, kowa yana tafe da abu toshe a kunne, ka gaishe shi ya wuce ka. Duk da haka ya baro gona tun da asuba, da buhu biyu na ɗanyar masara a bayan a-kori-kura, don yarinyar ta ce ta kantin garin ba ta da ɗanɗano.

Yana kan titin da ya ratsa jami'ar jiniya ta ɗauka. Ya dubi agogo: goma daidai, Talatar farko a wata, lokacin da ake gwada jiniyar guguwa. Shi ya sa ko kai babu wanda ya ɗaga. Delbert ya leƙa ta taga ya dubi sama. Sararin sama ta yamma ya yi kore-kore, iska ta ɗauke cak. Shekara arba'in yana noma, ya san ba a gwaji a ƙarƙashin irin wannan hadari.

Ya ƙwala wa wani mai furfura da ke tafe da jakar littattafai kira: "Malam, ku nemi ɗakin ƙarƙashin ƙasa! Ta gaske ce!"

"Gwaji ne, bawan Allah. Yau Talata."

"Duk karatun nan ba a koya muku ɗaga kai ba?"

Ya kira Marnie sau uku, ba ta ɗauka ba. Abin da ya fi tsorata shi, ya san inda take. A gidansu idan jiniya ta yi ƙara, matarsa Joyce ce kaɗai ke sauka ɗakin ƙasa. Shi baranda yake fita da kofin gahawa, ya ce sai ya ga guguwar da idonsa, ya kuma tsokani Joyce da matsoraciya. Tun Marnie tana shekara goma take tsayawa a gefensa, har alfahari yake da ita a coci.

Ƙanƙara ta fara dukan gilashi. Motoci suka cushe, ya bar tasa a tsakiyar titi da ƙofa buɗe, ya kama gudu da gwiwarsa mai ciwo, yana addu'ar da ya jima bai yi ba.

Ga ta kuwa a barandar gidan da take haya, kofi a hannu, ɗaya hannun a ƙugu. Tsayuwarsa ce sak.

"Baba! Zo ka gani, ta fara juyawa!"

"Wuce ƙasa!"

"Haba Baba, ko saukowa ba ta yi ba. Kai fa kake cewa..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya fizgi hannunta, kofin ya tarwatse, suka gangara matakala kusan da ka. Suna durƙusawa bayan injin wanki wuta ta ɗauke. Sai ga rugugi kamar jirgin ƙasa zai bi ta kansu, katakon gidan yana kuka, ƙura tana zubo musu a wuya. Ya danne kanta a ƙirjinsa, shi ma jikinsa sai ɓari yake, bai kuma damu ta ji ba.

Da rugugin ya yi nisa, Marnie ta ɗago. Ta kan matakala haske ke shigowa daga wajen da baranda take ɗazu. Babu baranda.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Joyce ce. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce: "Na gani a talabijin. Kuna baranda, ko?"

"Muna ƙasa, Joyce. Mu biyu."

Sai ya ji ta fashe da kuka, irin wanda bai taɓa ji ba, domin duk shekarun nan idan tana yinsa, shi yana sama da kofinsa.